Yadda Za Ka Gane ko Tsibiri Ƙasa Ne ko Ɗan Riƙo: Abin da Zanzibar Ta Koya Mini

Tikitin jirgin sama nake sayarwa a Agege, a wani ɗan ofis da bai fi shagon mai ɗinki girma ba. Yawancin masu zuwa wurina masu Umara ne, sai 'yan kasuwar Dubai da Sin. Wata rana wani Alhaji ɗan canji, wanda mun daɗe tare, ya shigo ya ajiye fasfo biyu a kan tebur. Ɗansa ne ya yi aure, amarya ta ce Zanzibar take son gani. Ya ce, "Malam, ka nemo musu bizar Zanzibar, ko nawa ne." Na ce an gama, ranka ya daɗe.

Rabin yini na ɓata ina neman ofishin jakadancin Zanzibar a Najeriya. Babu shi a Legas, babu shi a Abuja, babu shi ko'ina a duniya. Bizar Tanzaniya ake nema. Na ji kunya, don tarihi na karanta kafin neman abinci ya kawo ni Ikko. Da dare na kai maganar teburin mai shayin unguwarmu, sai gardama ta kaure. Wani direban tirela ya rantse Zanzibar ƙasa ce, ya ji a rediyo an ce "shugaban ƙasar Zanzibar". Wani ya ce jiha ce kawai kamar Legas. Dukansu biyu ba su yi daidai ba, kuma kowa da 'yar gaskiyarsa. Tun daga ranar na tsara wa kaina hanyar da nake bi in an kawo mini sunan tsibirin da ban san matsayinsa ba. Ita zan nuna maka, da Zanzibar a matsayin misali, don ita na fi sani.

Fara da fasfo

Tambaya ta farko mai sauƙi ce: mutumin da aka haifa a tsibirin, wane fasfo yake riƙewa in zai yi tafiya? Bazanzibare fasfon Tanzaniya yake riƙewa. Kuɗin aljihunsa shilin ɗin Tanzaniya ne. Sojan da ke tsaronsa da ɗan sandan da ke tsaye a mararraba duk na gwamnatin tarayya ne. Sannan ka duba ko tsibirin yana da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Zanzibar ba ta da ita a yau. Ta taɓa samu, a Disambar 1963, ta zauna a kai 'yan watanni, daga nan kujerarta da ta Tanganyika, wato babban yankin Tanzaniya na yau, suka koma ɗaya.

In ka sami waɗannan amsoshi, ka riga ka san ba ƙasa mai cikakken 'yanci ba ce. Amma kada ka tsaya nan ka ce to jiha ce, don a nan mutumin teburin shayi na biyu ya faɗi.

Kada tuta ta ruɗe ka

Kama da wane ba wane ba ne. Zanzibar tana da shugaba wanda mutanenta kaɗai ke zaɓa, da ministocinsa. Tana da Majalisar Wakilai mai yin doka, da kundin tsarin mulkinta na 1984, da babbar kotunta, da hukumar zaɓenta, da takenta, da tutar da ta fara ɗagawa a 2005. In ka taso daga Darussalam a jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu, kana sauka a tashar birnin Zanzibar za a ce ka fito da fasfo, alhali ba ka bar Tanzaniya ba. Ka ɗauka ka hau jirgin ruwa daga Ikorodu, ka sauka a tsibirin Legas, jami'i ya tare ka ya ce ina fasfonka. Abin da ango da amaryar Alhaji suka tarar ke nan, har angon ya bugo mini waya yana tambaya ko an yi kuskure a bizar.

Ƙwallo ma ba hujja ba ce, ko da yake matasa da ita suka fi kafa hujja. Zanzibar tana da ƙungiyarta da ke buga gasar yankin gabashin Afirka. A Maris na 2017 hukumar ƙwallon Afirka ta karɓe ta cikakkiyar mamba, bayan wata huɗu ta janye, ta ce ba a bi ƙa'ida ba. FIFA kuwa ba ta taɓa karɓarta ba. A ɗaya gefen, tsibiran Faro da ke ƙarƙashin Danmak suna cikin FIFA tun 1988, kuma su ma ba ƙasa mai cikakken 'yanci ba ce. Saboda haka ka ajiye ƙwallo gefe guda.

Nemo takardar, ka karanta jerin

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi ƙyuya. Kowane tsibiri mai ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai yana da takardar da ta raba iko tsakaninsa da uwar ƙasa. Ka nemo ta. A cikinta akwai jeri, ko dai na abubuwan da aka bar wa tsibirin, ko na waɗanda uwar ƙasa ta riƙe. Mu 'yan Najeriya mun san irin wannan, don kundinmu na 1999 yana da jerin abubuwan da gwamnatin tarayya ce kaɗai ke yi musu doka.

Takardar Zanzibar ita ce yarjejeniyar haɗewa da Julius Nyerere na Tanganyika da Abeid Amani Karume na Zanzibar suka sa wa hannu ranar 22 ga Afrilu 1964, ta fara aiki ranar 26 ga wata. Abubuwa 11 aka zuba cikin asusun haɗaka. Akwai harkokin waje, tsaro, 'yan sanda, ikon kafa dokar ta-ɓaci, zama ɗan ƙasa, shige da fice, cinikin waje da ciwo bashi, harajin kuɗin shiga da kwastan, tashoshin ruwa da zirga-zirgar jiragen sama da gidan waya. Duk abin da ba ya cikin jerin, na Zanzibar ne ita kaɗai: asibiti, makarantun firamare da sakandare, noma, filaye, yawon buɗe ido.

Kada ka karanta jerin sau ɗaya ka rufe. Ka nemi na farko, ka nemi na yanzu, ka jera su kusa da juna. Jerin da ya fara da 11 yau ya kai 22. An ƙara kuɗi da bankuna a 1965, an ƙara man fetur da iskar gas a 1968, ilimi mai zurfi da kotun ɗaukaka ƙara da rajistar jam'iyyu su ma suka shigo. Kowane ƙari yanka ne daga tuwon Zanzibar. Da na ga haka sai na fahimci dalilin da ya sa Zanzibarawa da yawa ke gunaguni, har suna da suna na musamman da Suwahili ga ƙorafe-ƙorafen haɗakar, wato "kero za Muungano". A ganina in ka san inda jerin ya nufa, ko yana tsawo ko yana gajarta, ka san fiye da rabin siyasar tsibirin.

Wani abu kuma da zai ba ka mamaki: gwamnatoci biyu ne, ba uku ba. Zanzibar tana da tata. Tanganyika ba ta da ta kanta, gwamnatin tarayya ce ke riƙe da harkokin haɗaka da na babban yankin gaba ɗaya. Kamar a ce wa da ƙane sun haɗa jari, ƙanen ya riƙe ɗan shagonsa, wan kuwa ya zuba komai nasa cikin kamfanin ya zauna a kujerar manaja. Ƙanen yana cewa an haɗiye shi. 'Ya'yan wan suna cewa su ne ba su da ɗakin kansu, ga 'yan majalisar Zanzibar suna zaune a Dodoma, babban birnin Tanzaniya, suna jefa ƙuri'a a kan harkokin da ba su shafi tsibirinsu ba.

Tambayi yadda aka shigo gidan

Ba za ka gane zaman aure ba sai ka san yadda aka ɗaura shi. Tsibirin da aka ci da yaƙi daban, wanda aka saya daban, wanda ya shigo da ƙafarsa yana ƙasa mai 'yanci shi ma daban. Zanzibar cikin na ƙarshe take, shi ya sa muryarta ta fi ta jiha ƙarfi.

Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. Larabawan Oman sun yi mulki a nan, har Sarki Sayyid Sa'id ya ɗauke fadarsa daga Maskat ya dawo da ita Zanzibar wajen 1840. Dukiyar ta fito ne daga kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi, kuma bayi ne suka noma gonakin kanumfarin. Wannan kanumfarin da mai shayinmu ke jefawa a tukunya, har gobe Pemba na cikin wuraren da aka san su da shi. Bayan rasuwar Sa'id a 1856 'ya'yansa suka yi rigimar gado, a 1861 aka raba sarautar biyu, Oman daban, Zanzibar daban. A shekarar ce kuma Turawan Ingila suka karɓe Legas daga hannun Oba Dosunmu. Sai dai Legas mallaka suka mai da ita kai tsaye, Zanzibar kuwa a 1890 suka sa ta ƙarƙashin kariyarsu suka bar sarki a gadonsa, irin abin da suka zo suka yi da sarakunanmu na Arewa. Da wani ɗan sarki ya hau gadon ba da yardarsu ba a Agustan 1896, jiragen yaƙinsu suka yi wa fadar ruwan wuta, ba a cika minti 45 ba aka gama yaƙin.

Zaɓen Yulin 1963 shi ne ƙaiƙayin da ya koma kan masheƙiya. Jam'iyyar Afro-Shirazi, wadda galibin baƙaƙen fata ke bi, ta fi kowa yawan ƙuri'a, fiye da rabi, amma kujeru 13 ta samu cikin 31. Ƙawancen jam'iyyu biyu da ke kusa da fada ya kwashe 18 ya kafa gwamnati. Ingila ta ba da 'yanci ranar 10 ga Disamba 1963, da Sarki Jamshid bin Abdullah a kan gado. Wata ɗaya da kwana biyu kacal aka yi. Daren 12 ga Janairu 1964 wasu ɗaruruwan mutane ƙarƙashin John Okello, ɗan asalin Yuganda, suka fasa rumbunan makaman 'yan sanda suka kifar da gwamnati. Sarki ya tsere ta teku ya ƙare a Ingila. An kashe Larabawa da Indiyawa da dama, dubbai suka yi hijira. Karume ya zama shugaba.

Bayan kwana ɗari da 'yan kai aka haɗe da Tanganyika. Lokacin yaƙin cacar baka ne, Amurka da Ingila na tsoron kada tsibirin ya faɗa hannun 'yan gurguzu, Karume kuma yana da abokan hamayya a cikin gidansa. An yi shawarar a asirce, cikin gaggawa, ba a kira ƙuri'ar raba gardama ba, ko a tsibirin ko a babban yankin. A Oktoban shekarar aka haɗa farkon sunayen biyu aka sami Tanzaniya. Ruwa ba ya tsami banza: auren da ba a tambayi dangi ba, duk ranar da aka sami saɓani sai an tono yadda aka ɗaura shi.

Duba ranar da aka ja igiya

Takarda tana faɗin abin da ya kamata. In kana son sanin abin da yake, nemi lokutan da tsibirin ya gwada wuce iyaka, ka ga wa ya ja da baya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A Zanzibar ina kawo guda uku.

Bayan an harbe Karume a Afrilun 1972, Aboud Jumbe ya gaje shi. A zamaninsa jam'iyyar tsibirin da ta babban yankin suka narke suka zama CCM a 1977, kuma shi ya ba Zanzibar kundinta na farko bayan juyin juya hali a 1979. Amma da ya fara shirin neman a koma gwamnatoci uku, jam'iyya ta kira shi Dodoma a Janairun 1984, ya dawo ba shi da muƙami ko ɗaya. Ka lura, ba kotu ce ta sauke shi ba, ba kuma masu zaɓe ba. Jam'iyya ce. Wani lokaci igiyar da ta ɗaure tsibiri ba a cikin kundi take ba.

Na biyu ya fi taɓa ni. Kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne, sai gwamnatinsu ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a ƙarshen 1992. Majalisar tarayya ta yi ca, aka ce harkokin waje na cikin jerin haɗaka, kuma Tanzaniya ba ta bin wani addini a hukumance. A Agustan 1993 Zanzibar ta janye. Mu da muka san hayaniyar da shigar Najeriya wannan ƙungiya ta tayar a 1986, labarin ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Na uku a kotu aka yi shi. An gurfanar da wasu 'yan jam'iyyar adawa ta CUF su 18 bisa zargin cin amanar ƙasa, wai sun ƙulla kifar da gwamnatin Zanzibar. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta Tanzaniya ta ce ba a cin amanar ƙasa sai ga ƙasa mai cikakken iko, Zanzibar kuwa ta miƙa wannan iko tun 1964. Gwamnatin tsibirin ta je farautar abokan hamayya, ta dawo da hukuncin da ya rage mata tsawo. Shekara goma bayan haka, a gyaran kundinta na 2010, ta rubuta cewa Zanzibar "nchi" ce, wato ƙasa, ɗaya daga cikin ƙasashe biyu da suka haɗu suka yi Tanzaniya. Kundin tarayya na 1977 kuwa yana nan yana cewa Tanzaniya ƙasa ɗaya ce, Zanzibar ɓangarenta. Takardu biyu, magana biyu. In ka tarar da irin wannan, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi. Ka faɗi duka biyun, sannan ka koma ga fasfo da soja.

Gyaran na 2010 ya zo da wani abu kuma. Tun zaɓen 1995, inda aka ce Salmin Amour na CCM ya kayar da Maalim Seif Sharif Hamad na CUF da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, kusan kowane zaɓe sai an yi rikici, a Janairun 2001 har aka kashe masu zanga-zanga, akasari a Pemba. Sai aka yi ƙuri'ar raba gardama a Yulin 2010, kusan kashi biyu cikin uku suka amince da gwamnatin haɗin kai: wanda ya ci ya zama shugaba, jam'iyyar da ta zo ta biyu ta kawo mataimaki na farko. Bai hana shugaban hukumar zaɓe soke zaɓen 2015 gaba ɗaya ba. Amma tsari ne da babu irinsa a babban yankin, kuma babu jihar Najeriya da za ta iya ƙirƙiro wa kanta makamancinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba jiha ba ce. In dole sai ka kwatanta da wani abu namu, tsohuwar Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta fi kusa, wadda ta sami mulkin kai a 1959, tana da kundinta da firimiyanta da wakilinta a Landan.

Sauran tambayoyi, a gurguje

Duba wakilci. Zanzibar ba ta kai mutum miliyan 2 ba a ƙidayar 2022, cikin sama da miliyan 61 na ƙasar, amma doka ta ce in shugaban Tanzaniya ya fito daga ɓangare ɗaya, mataimakinsa daga ɗayan zai fito. Ta haka Samia Suluhu Hassan, 'yar Zanzibar, ta hau mulki a Maris na 2021 bayan rasuwar John Magufuli. Kafin ita Ali Hassan Mwinyi ya mulki Zanzibar, sannan ya mulki Tanzaniya daga 1985 zuwa 1995, ɗansa Hussein Mwinyi kuma ya zama shugaban Zanzibar a 2020. Duba shari'a: akwai kotunan alƙalai masu duba aure da saki da gadon Musulmi, kuma waɗannan ƙararraki a tsibirin suke ƙarewa, ba sa hayewa kotun tarayya. Duba kuɗi, wa ke karɓar wane haraji. Wannan ya shafi aljihun matafiyi kai tsaye, don tun Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da kana da wata, kuma ba ruwan wannan da kuɗin biza.

Tambaya ta ƙarshe: akwai ƙofar fita a rubuce? A kundin Tanzaniya babu hanyar da aka shimfiɗa wa Zanzibar ita kaɗai ta ɓalle. Hukumar da Mai Shari'a Joseph Warioba ya jagoranta ta kawo shawarar gwamnatoci uku a 2013, aka yi ta ja-in-ja, sabon kundin bai kai ga ƙuri'ar jama'a ba. Kwatanta da tsibirin Girinlan, wadda Donald Trump ya ce yana son saye tun 2019. Ta sami mulkin cikin gida daga Danmak a 1979, aka faɗaɗa shi a 2009, kuma dokar 2009 ta rubuta ƙarara cewa in mutanenta suka zaɓi 'yanci, za a zauna a yi shawarar rabuwa. Jerinta kullum ƙara wa tsibirin iko yake, na Zanzibar kuwa rage mata ya yi ta yi. Mutanen Girinlan ba su kai 60,000 ba, ba su kai ko cikin wata unguwa ta Agege ba, kuma abin da ya riƙe su ba ƙofa ba ce, tallafin kuɗin da Danmak ke turowa duk shekara ne.

Da ango da amarya suka dawo, Alhaji ya aiko mini da ƙullin kanumfari da kwalbar man ƙirfa. Na kai kanumfarin wurin mai shayi. Direban tirelar nan yana zaune, na ce masa shugaban da ya ji a rediyo gaskiya ne akwai shi, amma ba shi da soja ko jakada. Ya kurɓi shayi ya yi shiru, can ya ce, "To, Malam, ita kuma Madagaska fa?"

Na ce wannan tana da fasfonta, da sojanta, da kujerarta. Ya ce a ƙaro masa madara.